Na ga tsagar, na yi shiru

Ranar Alhamis na mayar wa Alhaji makullan ofis, bayan shekara 7 ina yi masa aiki. Ya ce in je Allah ya ba da sa'a, amma in sani dillancin gida ba sana'ar masu taurin kai ba ce. Ban tanka ba. Ni da shi duk mun san abin da ya fitar da ni.

A bazarar 2024 wani dattijo, tsohon malamin lakwal, ya zo neman gida da abin da ya tara tsawon aikinsa, haɗe da kuɗin gonar gado da ya sayar. Muna da wani a hannu a tsohon garin Maraɗi, wajen gangaren da ke fuskantar Gulbi. Da yake gini na karanta, ni Alhaji kan tura in fara dubawa. Tun daga zaure ƙamshin sabon fenti ya tare ni. Na ƙwanƙwasa bango, na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Na sa makulli na kankare wani lungu, sai ga tubalin ƙasa a bayan siririn yaɓen siminti, alhali da sunan ginin bulo ake tallarsa. Daga kusurwar tagar ɗakin ciki wata tsaga ta gangaro a karkace, an cike ta an shafe, kuma duk mai gini ya san irin wannan tsaga daga tushe take tasowa. An haƙa masai jingine da wannan bangon, gindinsa ya yi farin gishiri saboda laima. Tsakar gidan ta fi titi zurfi da kusan taƙi guda, wato duk ruwan layin nan zai sauka.

Na koma na zayyana wa Alhaji komai. Ya ce, "Kai yaro, mai saye ya tambaye ka? La'adar nan da ita nake biyanka. Kowane gida da aibinsa." Da muka kai dattijon, ya zagaya bai fi minti 10 ba, ya yaba girman tsakar gida, sannan ya juyo ya dube ni: "Ɗana, kai da ka san gini, ya ka gani?" Alhaji na tsaye kusa da ni. Na ce, "Baba, gida dai ga shi kana gani." Ban yi ƙarya ba, da haka na riƙa lallashin kaina har damina ta faɗi.

Kowa a Maraɗi ya tuna ruwan ƙarshen Agustan 2024, wanda ya rusa gidaje ya ci rayuka. Wannan bangon ya zube a daren. Allah ya tsare, iyalin sun riga sun fito, amma kayan ɗakin da ake tara wa ƴarsa duk sun tafi ƙarƙashin laka. Ya zo ofis bayan kwana 3. Bai ɗaga murya ba, bai nemi a mayar masa da komai ba. Alhaji ya yi ta jajanta masa, yana cewa ƙaddara ce, gidaje nawa suka faɗi. Haka ne, har masu ƙwari sun faɗi. Amma wannan ni na san zai faɗi, na ma san bangon da zai fara. Dattijon ni yake kallo duk tsawon zaman.

Garin nan kansa ruwa ne ya koro shi tudu bayan ambaliyar 1945, amma har yau mutum zai tsaya awa guda a kasuwa yana buɗe bakin rago yana duba haƙora, sannan ya zuba miliyoyin sefa a gidan da bai ko ƙwanƙwasa bangonsa ba. In za ka sayi gida, ka nemo wanda ya san gini, ka biya shi daga aljihunka, kuɗin da zai karɓa ko an yi ciniki ko an fasa. Ban da yaron dillali, ban da maginin mai gida. Dillali ba ya samun ko dala sai an sallama, yaronsa kuma ba ya musu da mai ba shi abinci. Ni shaida ne. Kuɗin dubawar jika ƴan kaɗan ne, ba su kai kuɗin fentin da aka rufe maka ido da shi ba.

Ka je da damina, washegarin ruwa, ka ga inda ya kwanta. Ka sa a hau a duba azara ko gara ta ci. Ka tambayi maƙwabta a bayan idon dillali. Takardar fili a tantance ta a ma'aikatar magajin gari kafin kuɗi su bar hannunka, a kuma nuna maka rasit ɗin ruwa da na NIGELEC, kamfanin wutar lantarki, na ƙarshe.

Yanzu dubawar kawai zan riƙa yi, wa mai saye. Tun kafin in fara sosai wasu dillalai sun sa mini suna mai ɓata ciniki, domin a watan jiya na hana wani ɗan kasuwa sayen gida a unguwar Zariya ta nan Maraɗi, kuma na faɗi dalili a gaban mai gidan. Dattijon, na ji ya sake tayar da ɗaki ɗaya. Har yau in zan sauka tsohon gari, ta wani layin nake bi.