Idan dattijo ya ce "a zamaninmu", kada ka yi musu

Duk wanda ya tashi a Garwa, a arewacin Kamaru, ya haddace wannan karatun: yaran yanzu ba kunya, ba jin magana, waya ta cinye musu hankali. Ni ma furfura ta fara, na shiga sahun masu faɗa. Amma ƙannena, mu ma an faɗa mana. Da talabijin ta shigo Kamaru a 1985, dattawan unguwarmu cewa suka yi shi ke nan, tarbiyya ta tafi, yara za su bar makarantar allo su tare a gidan mai akwati. Kuma mun tare ɗin. Ranar da Kamaru ta ci Ajantina ɗaya da nema a 1990, magariba ta wuce mu muna leƙe ta taga, muka sha bulala.

Inda na yi wauta shi ne da Baba, Allah ya jiƙansa. Da ya ɗauko zancen da, sai in ɗauko gardama. Ya ce kafin a gama madatsar Lagdo a 1982, idan damina ta yi nisa Binuwai kan cika, jiragen ruwa su hauro daga Najeriya su yi lodin auduga da gyaɗa a tashar Garwa. Ni kuwa, da 'yar bokona, sai in ce ai Baba madatsar ce ta kawo mana lantarki. Gaskiya na faɗa, amma me ta tsinana mini? Ban taɓa tambayarsa ta wace hanya kakanmu ya biyo da goro har ya zauna a nan ba, ko sunan garin da muka fito a ƙasar Kano. Yau 'ya'yana suna tambayata, ina ta kame-kame.

Wani abin kuma sai da na fara cefane da aljihuna na gane shi. Nakan ce yarintarmu ta fi daɗi, dala biyar ta ishe mu ƙosai da kunu. To, a waɗannan shekarun ne aka zaftare albashin ma'aikata, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Mu muna wanka a kogi, muna harbin tsuntsu da danƙo. Inna ce ta sayar da kwanukan aurenta, ba mu ma lura da kabad ɗin ya rame ba. Daɗin da nake tunawa, wasu ne suka biya kuɗinsa. Saboda haka idan na ce muku zamaninmu ya fi, ku rage mini kaɗan.

Dattijo idan yana faɗan yaran zamani, sau da yawa abokin hira yake nema, tsararrakinsa sun ƙare. Ka gaishe shi, ka zauna ƙasa, ka tambaye shi abin da ke da amsa: nawa aka biya sadakin Inna, wane malami ya yi masa saukar Alƙur'ani, wace shekara aka yi yunwar da ya fi tunawa, wa ya ba shi jarin farko. Wayar nan da yake zagi, ka nemi izininsa ka ɗauki muryarsa da ita. Kada ka manta da tsofaffin mata. Su suka riƙe lissafin dangi, wa ya auri wa, wa ya tafi Marwa ko Injamena bai dawo ba.