Ƙyallen goshin da ya ci mini kuɗi a bakin Volta

Jirgin kansa bai ba ni wahalar da zan tsaya ba da labari ba. Kwalekwale ne ɗan mita huɗu da rabi, na haɗa shi a tsakar gidanmu a Nima, cikin Ankara babban birnin Ghana, da falankin filawud mai jure ruwa, kaurin milimita 6, ta hanyar nan da ake huda falanki a ɗinke da waya sannan a bi da gam da zaren gilas, wadda ƙaramin jirgin Mirror na Ingila ya yi suna da ita tun farkon shekarun 1960. Babban ƙyallen iska ma ya zo daidai, murabba'in mita shida na yadin Dacron, wani irin poliyesta, ya hau jigo, wato dogon sandan da ke tsaye a jirgi, ya zauna lafiya. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne ƙyallen goshi, wannan ɗan mai kusurwa uku da ke gaban jigo, da na'urar naɗe shi da aka haɗo mini.

A Ankara ban sami mai yanka irin wannan ƙyalle ba, don haka daga waje na yi oda. Masu ɗinkin suka karɓi zanen jirgin, suka ce iskar ƙasashen zafi ba ta da ƙarfi, gara a ƙara wa ƙyallen goshi faɗi har ya wuce jigo, a kuma sa masa manaɗi: ganga a ƙasa, majuyi a sama, ka ja igiya ɗaya daga inda kake zaune ƙyalle ya naɗe kansa. Maganar ta yi daɗin ji ga mutumin da yawanci shi kaɗai zai shiga ruwa. Kuɗin ƙyallen da manaɗin da dakon jirgin sama da abin da kwastan suka karɓa, in an tara, sun kusa kamo kuɗin katakon jirgin gaba ɗaya.

Sun yanke bakin gaban ƙyallen daidai tsawon wayar goshi kamar yadda yake a takarda, daga hancin jirgi zuwa inda take kama jigo. Ba su cire wurin ganga da majuyi ba, alhali su suka sayar mini da su, kuma su biyun nan sun cinye fiye da taƙi guda. Sakamakon haka, in na ja igiyar ɗagawa, majuyi sai ya je ya daki jigo tun wayar da ke cikin bakin ƙyallen ba ta miƙe ba. Babu sauran inda za a ja. A tudu, ba iska, ido ba zai gane ba, ƙyalle fari tas yana tsaye gwanin sha'awa.

A Ada Foah abin ya fito fili, wajen kilomita 100 gabas da Ankara, inda kogin Volta ke shiga teku. Wanda ya san wurin ya san tsarinsa: da safe ruwa kwance, da rana ta take sai iskar teku ta taso daga kudu maso yamma ta yi ta ƙaruwa har la'asar. Tafiya sama wajen tsibirai iska na bayanka, ko buhun fulawa ka ɗinka zai kai ka, masunta ma da shi wasunsu ke yi. Dawowa ce jarrabawa, don sai ka yanki iska, ka karkata nan ka karkata can. Ina juyo da hancin jirgi, bakin ƙyallen ya lanƙwashe ya koma gefe kamar igiyar shanya da aka jibga wa jiƙaƙƙen bargo. Cikin ƙyallen ya zurma, tumbinsa ya koma baya, maimakon ya ja jirgi gaba sai ya riƙa kwantar da shi yana tura shi gefe. In tsallaka kogi in dawo, in tarar da kaina gaban bishiyar kwakwar da na baro. Ga teku kuma ta fara cikowa, ruwa na turo ni sama. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwan kogin a daidaice yake zuwa, a bakin nan cikowar teku da janyewarta su ke da iko.

Akwai abin da ya fi wannan ba ni tsoro. Ƙaramin jirgi mai lafiya, in ka saki sandar tuƙi, hancinsa kan juya ya fuskanci iska ya tsaya da kansa. Nawa, saboda faɗin da aka ƙara a gaba, sai hancin ya riƙa gudun iska, wato in ka faɗa ruwa jirgin ya tafi ya bar ka. Na ce to bari in naɗe rabin ƙyallen in rage masa ƙarfi. Nan na gane abu na biyu da ba a faɗa mini ba: manaɗi irin na ƙananan jirage, wanda waya ce kawai a bakinsa babu sandar alminiyam, ba a rage ƙyalle da shi. Ko a buɗe duka ko a naɗe duka. Ka naɗe rabi, ƙasa ta naɗu, sama ta warware ta hau kaɗawa. Wani masunci mai injin waje ne ya jefo mini igiya ya jawo ni gaɓa dab da magariba, Allah Ya saka masa da alheri.

Na rubuta wa masu ɗinkin. Amsarsu ita ce awon da aka ba su shi suka bi, in ina son gyara in mayar da ƙyallen da kuɗina. Ko tambaya ɗaya ba su yi ba tun farko a kan mece ce ke riƙe wayar goshi a miƙe, kuma ita ce tambayar da ya kamata a fara da ita kafin a taɓa almakashi. Jirgi irin nawa ba shi da wayar baya. Abin da ke jan jigo baya ya miƙar da ta gaba shi ne wayoyin gefe biyu da aka ɗan ja baya, sai kuma igiyar babban ƙyalle in an ɗaure ta tamau. Jigona katako ne, jikin jirgi falanki ne siriri. Ka matsa wayoyin da ƙarfi, jigo ya lanƙwasa, gefen jirgi ya ba da kai. Ko da an yanke tsawon daidai, wayar goshin irin wannan jirgi dole ta ɗan saki a cikin iska, kuma in iska ta ninka gudunta sau biyu, nauyinta a kan ƙyalle sau huɗu yake ninkuwa. Mai ɗinkin da ya san aikinsa yakan rarake bakin ƙyallen kaɗan tun a wajen yanka don ya dace da wannan sakin. Nawa a miƙe sambal aka yanke shi, sai ka ce na babban jirgi ne mai ƙarfe ko'ina.

Gyaran a unguwa aka yi shi. Akwai wani dattijo mai ɗinkin tamfol da rumfunan biki a wajen Mamobi, yana da tsohon keke mai ɗinkin zigizag. Na kai masa ƙyallen a naɗe, ya shafa yadin, ya ɗaga shi a rana.

Ya ce, "Ɗana, wa ya auna maka wannan?"

Na ce, "Baba, daga takarda aka ɗauka."

Ya ce, "To ni ba na yanka abin da ban sa wa awo da hannuna ba. Ka tsayar da sandar a gida, gobe in Allah Ya kai mu zan zo bayan azahar."

Ya zo. Muka kafa jigo a tsakar gida, yara sun cika ƙofa, muka ɗaure wayoyi yadda za su kasance a ruwa, ya auna daga ƙugiyar hanci zuwa inda igiyar ɗagawa ke fitowa, ya rage wajen santimita 10 don a sami wurin ja. Bai taɓa ɗinka ƙyallen jirgi ba, ni na nuna masa maganar rarakewa: muka shimfiɗa yadin a ƙasa, muka ja zare daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, muka shigar da tsakiya wajen santimita 2, muka zana lanƙwasa da siririn katako. Sauran kuwa shi ya fi ni sani nesa ba kusa ba, yadda ake ninka yadi a kusurwa, inda ake buga idon tagulla ba tare da ya yage ba. Zaren poliyesta mai jure rana na nemo masa, don na auduga ruɓewa yake, nailan kuma rana ce ke cinye shi. Muka rage ƙyallen zuwa wajen murabba'in mita biyu, bai ƙara wuce jigo ba.

Manaɗin na cire shi gaba ɗaya. Na mayar da wayar goshi ta dindindin, milimita 3, ƙyalle na hawa kanta da ƙananan ƙugiyoyi, na ƙara wata siririyar igiya daga kusurwar sama ta bi ta hanci ta dawo wurin zamana. In iska ta yi yawa, in saki ta ɗagawa in ja wannan, ƙyalle ya sauko ya kwanta a goshi ba tare da na tashi ba. Abin da aka sayar mini da manaɗi dominsa ke nan, ga shi da igiyar da ba ta kai kuɗin mota zuwa Tema ba. Da wannan ƙaramin ƙyallen jirgin ya fara yankar iska kamar yadda ya kamata, kuma da na saki sandar tuƙi don gwaji ya juya ya tsaya cak. Ranar na yi hamdala da ƙarfi ni kaɗai a tsakiyar kogi.

Kayan ƙarfe da igiya a shagunan tashar masunta ta Tema na same su, amma a je da maganaɗisu a aljihu. Abin da ya manne masa tsam yawanci ƙarfe ne mai tsatsa aka yi wa shafi mai ƙyalli, gishirin teku zai gama da shi kafin damina ta zagayo. Maganaɗisun ba zai raba maka nau'ukan ƙarfe marar tsatsa masu lamba 304 da 316 ba, wannan sai ka duba tambarin da aka buga a jiki, kuma 316 ake so a ruwan gishiri. Igiyar ɗagawa kuwa kada a yarda da shuɗiyar nan ta masu raga, ko ta nailan, miƙewa suke yi, ka ja tamau da safe kafin azahar bakin ƙyalle ya sake saki ka koma gidan jiya. Poliyesta marar miƙewa, ko igiya mai ƙarfi da ake kira Dyneema ga mai hali.

Gangar da majuyin suna nan cikin kwali a ƙarƙashin gado, na kasa samun mai saye. Guntun Dacron ɗin da muka yanke kuwa Baba ya riga ya sa masa alli, da shi za mu yi facin layin da ake ɗaurewa a rage faɗin babban ƙyalle kafin Yuli, lokacin da iskar kudu maso yamma ke tsananta a gaɓar nan.