Shekara uku ina ɗora wa hunturu laifi

Ranar rasuwar yayata na san da matsala. Ina kuka har kafaɗuna na rawa, amma idona ƙamas, ko ɗigon hawaye babu. Kafin nan duk abin da na ji sai in ce hunturu ne. Ido kamar an watsa masa yashi, burodi ba ya wucewa sai da shayi, haƙora suna ta ruɓewa duk da asuwakin da nake yi. Azumi kuwa, kafin la'asar harshena ya manne da ganɗa.

Likitar ido ce ta fara zargi. Ta saƙala min wata 'yar siririyar takarda a fatar ido ta ƙasa don auna hawaye, muka jira minti 5, jiƙewar ba ta kai milimita 5 ba. Ta tura ni gwajin jini, aka samu anti-Ro da anti-La. Waɗannan sojojin garkuwar jiki ne da suka ɓata lissafi, suna ɗaukar jikin mai su a matsayin abokin gaba. Aka ce ina da cutar Sjögren, wadda ta ci sunan Henrik Sjögren, likitan ido ɗan Suwidin da ya yi bayaninta a 1933, kuma tara cikin goma na masu ita mata ne.

Ni a zatona maɓuɓɓugar miyau da hawaye kaɗai take taɓawa. Ashe gajiyar nan da ke sa in kwanta bayan wanke-wanke, har ana min kallon raguwa, ita ce. Ciwon gaɓoɓin yatsu da safe, ita ce. Wasu tana kai musu huhu, ko ƙoda, ko jijiyoyi har ƙafa ta riƙa zugi, wasu kuma jajayen ɗigo su feso musu a ƙwauri. Masu anti-Ro da anti-La sun fi haɗuwa da irin waɗannan, shi ya sa likitata ba ta sallamata sai ta saurari ƙirjina, ta duba fitsari, ta lalubi gefen kunnuwana ko akwai kumburi, don a wasu kaɗan cutar kan kai ga sankarar kaluluwa.

Abin da ya fi tayar min da hankali maganar ciki ce. Anti-Ro na ratsa mabiyiya, kuma a ɗaya ko biyu cikin ɗari yakan rage bugun zuciyar jariri. Kaɗan ne, amma dole mai awo ta sani tun farko.

Wata da muka haɗu a layi, jininta bai nuna komai ba, sai da aka ɗan yanki cikin leɓenta aka duba kafin a gano. Na ba ta labarin Venus Williams, wadda ita ma cutar ta sa ta janye daga babbar gasar tanis ta Amurka a 2011. Ta yi dariya ta ce, “To Yaya, mu da ba ma tanis, daga me za mu janye?”

Na miƙa mata cingam marar sukari, muka ci gaba da jiran likita.