Zanen babana a bangon wani

Abin ya faru tun kafin azumi, amma har yau in na tuna sai abinci ya fita raina. An buɗe wani gidan cin abinci a unguwar Nasarawa, irin waɗanda ake yayi yanzu, da tabarmi da tumtum da akushi. Ni na yi musu adon bango tun daga zaure har ɗakin manyan baƙi, zane mai tudu, wanda ake fitarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye. Ranar buɗewa na sa shaddata ta Sallah, na yafa rawani a wuya yadda muke yi a gida. Ina bakin ƙofa ina jiran yarona ya kafe babur, sai wani bawan Allah ya sauko daga mota, ya miƙo mini ɗari biyar ya ce, "Buzu, a sa ido a kan motar nan." Na ce, "Alhaji, ni ma gayyata ta aka yi." Ya ce to, ya mai da kuɗinsa aljihu ya wuce, ko a jikinsa.

Wannan ma da sauƙi. Da na shiga, na tarar da mai wurin yana zagayawa da baƙi yana nuna bango, yana cewa aikin Kanawa ne na asali, daga Gidan Makama aka kwaikwayo. Na duba lungun da na sa hannuna da ƙananan baƙaƙe, an kafa na'urar sanyaya ɗaki a kai. Yarona ya kasa haƙuri ya ce, "Ranka ya daɗe, ga mai aikin nan tsaye." Alhaji ya waiwayo ya ce, "Eh, yaron Nijar ne, suna da sauƙin kuɗi." Aka yi dariya aka wuce wurin lemo.

Ni ba Buzu ba ne, Badamagare ne, haifaffen Birni, bayan fadar Sarki. Kuma ko Buzun ne, laifi ne? Fagge ai zangon ayarin Buzaye ce tun fil'azal, kuma a tambayi Agalawan garin nan, masu manyan gidaje, inda kakanninsu suka fito. Amma a idon wasu, duk wanda ya ƙetaro iyaka daga arewa, in ba maigadi ba ne to ɗan garuwa ne ko mai shayi ko mai yankan farce. Duk sana'o'in halal ne, na kwana ɗaki ɗaya da masu yin su a Kurna, su suka ci da ni lokacin da ba ni da ko sisi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne zanen nan ba daga Gidan Makama ya fito ba. Na shiga Gidan Makama, na ga aikin ciki, na sara wa waɗanda suka yi. Amma nawa na babana ne.

Baba magini ne, gadon gidanmu ke nan. Tun ina ƙarami nake kwaɓa masa ƙasa, ina jiƙa makuba, ina miƙa tubali. In aka gama soro aka fitar da zankwaye, sai ya sallami kowa ya tsaya shi kaɗai gaban ƙofar zaure. Ba takarda, ba awo. Da yatsa da wata tsohuwar wuƙa yake fitar da dagi da takobi, in mai gida ɗan kasuwa ne mai son a sani sai ya ƙara masa agogo ko keke. Yana da wata lanƙwasa da yake rufe dagi da ita ta ƙasa, wadda ban taɓa gani a hannun kowa ba, ko a Birni ko a Zango. Ita ce a bangon Alhajin nan, daga zaure har ciki.

Ba zane ya kawo ni Kano ba. Siminti da kwano sun kashe wa Baba kasuwa, ni kuma lakkwal, wato makarantar boko, ba ta kai ni ko'ina ba. Na hau mota ta Matamaye, Ɗan Barto, Daura, Kazaure, na sauka da ƙullin kaya da lambar wani ɗan unguwarmu. Acaɓa na fara. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur, mai babur ya karɓe abinsa, na zauna. Wani dattijo mai rubutun allon shago a Fagge, Allah ya ji ƙansa, ya gan ni ina zane a ƙasa da tsinke, ya ce, "Kai ɗan Nijar, zo ka riƙe mini gwangwani." Hannuna ya faɗa da rubutu, don a lakkwal mushe, wato malaminmu, bulala yake yi a kan baƙin da ya karkace. Turanci ne ban sani ba, sai Malam ya rubuta mini a takarda in kwafa baƙi bayan baƙi.

Hana acaɓar da ta kayar da ni ita ta tashe ni. A Daidaita Sahu suka cika gari, kowane direba yana son a rubuta masa habaici a baya, a zana masa zaki ko damisa ko takubba biyu a giciye. Na rubuta "Hassada ga mai rabo taki ce" har na gaji da ita. Daga baya injinan buga bana, wato allon talla na leda, suka zo suka share masu buroshi. Wanda zai jira ka kwana biyu yanzu cikin awa ɗaya an buga masa da hotonsa. Na koma Zoo Road na koyi manhajar zane ta CorelDRAW a shagon masu fastar finafinai, ina share shago ana bar mini kwamfuta da dare. Ban daɗe da ƙwarewa ba kasuwar faifai ta mutu, 'yan fim suka koma YouTube. A nan ne wani mai shirya fim ya nemi ɗakin sarauta na da, ba shi da kuɗin zuwa ƙauye da ma'aikata. Na ce a ba ni falanki da farar ƙasa da gam. Da na gama, hoton ya zaga Facebook, masu ɗakunan biki da masu otal suka fara kira.

Ba zan yi wa Kano butulci ba. A nan na yi aure, matata 'yar Gwammaja ce, iyayenta ba su taɓa tambayata takarda ba. Ina da yara masu koyo a hannuna, ina da shago. Ana yi wa garin kirari da ko da me ka zo an fi ka, kuma gaskiya ne a kuɗi, a malanta, a kasuwa, a rini ma, tunda karofin Ƙofar Mata tun 1498 ake ba shi tarihi. Amma a wannan lanƙwasa ɗaya ba a fi ni ba, kuma in na wuce ta gaban gidan da na yi wa ado a cikin A Daidaita Sahu, nakan so in taɓa na kusa da ni in ce masa ni ne. Ba na yi. Wa ya san ni?

Baba bai taɓa ganin aikina da idonsa ba, sai a waya. Ya rasu bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da aka rufe iyaka. Ta daji na bi a kan babur, ana sauke mu ana karɓar na goro, ban isa ba sai ranar sadakar uku. Tafiyar da ba ta kai yini ba a mota. Sai a watan Maris na 2024 aka buɗe hanya. Su na sama suna rigimarsu ta ECOWAS, mu da uwa ɗaya ke can, 'ya'ya ke nan, ba wanda ya tambaye mu.

Kuma kuɗin ma ya juya mana baya. Lokacin da na zo, jika ɗaya ta sefa, wato sefa dubu, ba ta kai naira ɗari huɗu ba, in na aika abin da na samu a mako sai Inna ta yi cefanen wata. Yanzu jika ta haura naira dubu biyu. Ina aikin da ya fi na da daraja, abin da ke isa hannunta bai kai na zamanin acaɓa ba. Ita ba ta gane wannan lissafi. Saƙon murya take turo mini ta wayar ƙanwata: "Ance kai ne ke yi wa masu kuɗin Kano ado, gidan ubanka kuwa bango na zuba." Gaskiyarta. Damina biyu ba a yi yaɓe ba, zanko ɗaya ya faɗi, ga tsadar ruwa a Damagaram, wanda za a kwaɓa ƙasa da shi ma saye ake yi.

Ƙanena yana so a kankare fuskar zauren a shafe da siminti a huta, ya ce duk maƙwabta sun yi. Na ce masa in ya taɓa bangon nan kafin in zo, ni da shi ne. Ya ce to in zo ɗin mana, ko in aiko da kuɗin magini. Inna ta goyi bayansa, ƙanwata ta goyi bayana, yanzu har ba sa gaisawa sosai. Na ce musu bayan Babbar Sallah ina tafe da yarana biyu da kayan aiki, in Allah ya yarda. Ragowar kuɗina na wurin Alhajin Nasarawa nake jira, ya ce in dawo ƙarshen wata.