Hoton Baba direba

Asabar da dare. Tun ƙarfe 10 na dawo Nima, unguwarmu a Accra, amma har yanzu na kasa buɗe kwamfuta. Na san abin da ke cikin katin kyamarar.

Da safe komai lafiya lau. Koko da ƙosai, na goge gilasan kyamara, Awudu mai taya ni aiki ya zo a kan lokaci. Ƙarfe 2 da rabi muna otal ɗin a Airport City, saura awa ɗaya da rabi baƙi su fara shigowa. Walimar kamfani ce, da rabon lambobin yabo ga ma'aikata.

Na zaga zauren da Awudu ina maimaita masa karatun kullum. Ɗaga kai tukuna ka dubi silin. Fari ne, kuma ba shi da nisa, to sama za mu juya kan filash, haske ya bugi silin ya sauko a hankali, ba a dalle wa mutum fuska har goshi ya yi ƙyalli ba. Gudun ɗauka 1/160, buɗin gilashi 2.8, ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, 1600. Kuma a fuska za ka auna haske, ba a riga ba: mutanenmu baƙaƙe ne cikin fararen kaya, in kyamara ta bi rigar sai fuskar ta nutse. Kada ka ɗauki kowa da loma a baki. Matar da ta ba mu aikin ta miƙo takarda mai sunayen manya 12, ta ce tambarin kamfani ya fito a bayan kowannensu.

Duk na cika mata. Jawabin shugaba kaɗai na yi masa hoto ya fi 40. A nan batiran filash suka fara sanyi, sai na jira daƙiƙa 4 ko 5 kafin ya sake cika. Na lura sarai. Na ce a raina bari a kira mutum ɗaya tukuna sannan in canza.

Mutum ɗayan nan shi ne wani dattijo, direba, shekara 25 yana tuƙa musu mota. Farar kaftani an sha guga, hula a karye. Ya hau, ya rusuna, ya karɓi allon yabon da hannu biyu. Na danna, filash bai tashi ba. Kafin ya cika, ƙeyarsa kawai nake gani. Awudu yana can baya wajen tebura, inda ni na ajiye shi.

Bayan magariba ina naɗe waya ya same ni.

"Yaro, na ji kuna Hausa da ɗan'uwanka. Ɗan ina ne?"

"Nima, Baba."

"Madalla, ni Madina nake. Nawa ya fito ko? Jikokina suna Kumasi, na ce musu za su gani."

Na nuna masa. Duhu ne, sai farin rigar da ɗan ƙyallin allon. Ya kawo kyamarar kusa da idonsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ba komai, Allah bai nufa ba."

Na ce bari in roƙi shugaban a sake, minti ɗaya ne, ana yi. Sai ya riƙe mini hannu. "A'a, ɗana. Kada ka ta da babban mutum daga kan abinci saboda ni."

Maganar nan ce ta biyo ni har cikin mota, har Kanda muka wuce masallaci tana yi mini yawo a ka. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi.

Na dai kai shi baranda, na sa sababbin batira, na tsayar da shi jikin farin bango da allonsa a ƙirji. Guda huɗu na ɗauka, sun yi kyau ƙwarai, har furfurar gemunsa ana ƙirgawa. Amma babu hannun shugaba a ciki, babu jama'a suna tafi, kuma abin da ya so yaran su gani ke nan. Batiran kuwa tun rana suna aljihuna na hagu.

Maman Sadiya ta ajiye tuwo, ya huce. Gobe akwai suna a Mamobi ƙarfe 7.

Ya rubuta mini lambar jikarsa a bayan takardar shirin. Da RAW na ɗauka, wato ɗanyen hoto mai karɓar gyara sosai, wataƙila in na ja hasken sama fuskar ta fito, ko da da ɗan yashi-yashi ne. Bari in kunna in gani kafin in kwanta.