Abin da na koya a kan kujerun dutse

Dandalin wasan kwaikwayo irin na Girkawan dā ba shi da rufi, kuma yawanci a jikin tsauni aka gina shi, kujerun dutse layi-layi suna gangarowa zuwa wani fili mai da'ira a ƙasa. Wannan siffa ce ta sa mutum kusan 14,000 ke iya zama a dandalin Efidaurus na ƙasar Girka su ji muryar ɗan wasa guda, kuma ita ce ke sa duk ruwan da ya sauka a kan gangaren ya bi matakala ya taru a tsakiya. Da maganar ruwa aka buɗe mana kwas ɗin adana gine-ginen tarihi da na yi a Italiya, har muka gama kuwa ba mu rabu da ita ba.

Maginan farko sun san da haka. A Efidaurus, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin Miladiyya, akwai magudanar dutse tsakanin layin kujeru na farko da filin tsakiya, tana kwashe ruwa ta fitar da shi waje. Idan magudanar ta cike da ƙasa, ruwa sai ya nemi wata hanya, ya shiga ƙarƙashin kujeru ya zaizaye abin da suke zaune a kai, dutse ya fara karkata.

Lokacin da aka tura mu aikin gwaji wani ƙaramin dandali a tsibirin Sisili, kayan da aka miƙa mana su ne cokalin gini, tsintsiya da bokiti. Wani dattijo da ya daɗe yana aiki a wurin shi ya riƙa zagayawa da mu. Yakan durƙusa ya tura yatsa a tsakanin duwatsu biyu, ya fito da ƙasa mai laima ya nuna mana, ba tare da ya ce komai ba. Daga wurinsa na koyi cewa ba a tumɓuke ciyawar da ta fito a tsagin dutse, domin saiwarta za ta taho da abin da ke riƙe da ginin. Yanke ta ake yi, a kashe saiwar a inda take, a bar ta ta bushe. Ɓaure ya fi komai ban tsoro, don tsironsa bai kai yatsa ba amma saiwarsa tana iya ɗaga dutsen da ƙarti huɗu ba za su motsa ba. Ya kuma nuna mana wani farin gari a fuskar dutsen da ke kallon teku. Gishiri ne da iska ke kawowa, ya shiga da laima, idan ya bushe ya kumbura ya ɓare fatar dutsen. Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san hidimar da ake yi kafin damina, a duba indararo, a yi yaɓe, a toshe tsaga, kuma ya san gidan da aka yi wa sakaci shekara uku yadda yake komawa. Aikin da muka yi a wurin ke nan.

Abin da ya fi zauna mini a rai shi ne ɓarnar da masu gyara suka yi da kyakkyawar niyya. A Eraclea Minoa, a gaɓar kudancin Sisili, an tono wani dandalin Girkawa a shekarun 1950. Dutsensa mai laushi ne ƙwarai, da zarar ya sha iska da ruwa sai ya fara marmashewa. A farkon shekarun 1960 masanin zanen gini Franco Minissi ya kawo dabarar da a lokacin aka yaba: ya rufe kujerun da wata roba mai kama da gilashi, wadda aka ƙera daidai siffar kujerun na asali, don mai kallo ya ga yadda suke a dā, ya kuma hangi tsohon dutsen ta ciki. A takarda babu abin kushewa. Amma rana ta riƙa dukan robar, zafi da gumi suka taru a ƙarƙashinta, ciyawa ta samu wurin da ya fi mata ko'ina daɗi, ƙarafan da ke riƙe da robar suka yi tsatsa a jikin dutsen. Robar ma ta dushe, ba a ganin komai. Da aka cire ta a shekarun 1990, kujerun sun fi lalacewa a kan yadda aka same su. Minissi ba jahili ba ne, yana cikin ƙwararrun zamaninsa, kuma wannan ne ya sa labarin ya tsorata ni. Bai sami damar ganin abin da shekara talatin za ta yi wa kayan da ba a taɓa gwadawa a kan irin wannan dutse ba.

Haka labarin ƙarfe da siminti yake. Girkawan dā idan za su ɗaure dutse da dutse da ƙarfe, sukan narka dalma su zuba ta kewaye shi don kada ruwa ya taɓa shi. A gyaran da injiniya Nikolaos Balanos ya jagoranta a Akrofolis, tudun tsofaffin haikalai na birnin Atens, a farkon ƙarni na 20, an sa ƙarafa ba tare da isasshiyar kariya ba, suka yi tsatsa, suka kumbura, suka tsattsage dutsen mabul daga ciki. Tun daga 1975 ake fama da gyaran wannan gyara, yanzu da titaniyom, ƙarfen da ba ya tsatsa, ake ɗauri. Siminti kuwa ya fi tsohon dutse ƙarfi, ba ya barin laima ta fita, ga shi da gishiri a cikinsa, don haka dutsen da ke gefensa ne ke cin wuya. Shi ya sa aka koya mana kwaɓa farar ƙasa da yashi, kwaɓi mai rauni da gangan, wanda idan wani abu zai fashe shi ne zai fara fashewa.

Kundin ƙa'idojin adana gine-ginen tarihi na ƙasa da ƙasa, wanda aka tsara a birnin Benis na Italiya a 1964, ya tanadi cewa gyara ya tsaya a inda zato ya fara, a mayar da duwatsun da suka faɗo wurarensu kawai, kuma duk sabon abin da aka ƙara ya zama ana iya gane shi. Karanta wannan abu ne mai sauƙi. A Sagunto ta ƙasar Sifen, masu zanen gini Giorgio Grassi da Manuel Portaceli sun sake gina bangon dandalin Romawa tun daga ƙasa har sama a farkon shekarun 1990, suka shimfiɗa sabon dutse a kan tsofaffin kujeru. Garin ya samu wurin wasa mai aiki, wannan ba a musu. Amma aka kai ƙara, shari'a ta yi ta ja, har kotun ƙolin ƙasar ta yanke a 2008 cewa a cire abin da aka ƙara. Ba a cire ba, ginin yana nan. A ganina sun wuce gona da iri, kuma babbar shaidata ita ce yadda abin ya gagari warwarewa ko da kotu ta ba da umarni. Tun daga nan, duk shawarar gyara da aka kawo gabana, tambayata ta farko ita ce ko wanda zai zo bayanmu zai iya cire abin da muka sa ba tare da ya ji wa dutsen ciwo ba.

Ajinmu ya rabu biyu a kan ko ya dace a ci gaba da yin wasa a waɗannan wurare. Ni ina tare da masu cewa a yi. Dandalayen da suka fi tsira su ne waɗanda mutane suka sama wa amfani. Na Busra a Siriya, mai baƙin dutse, sarakunan Ayyubawa sun kewaye shi da ganuwa suka mai da shi sansani. Na Asfendos a Turkiyya, Turkawan Saljuƙawa sun zauna a cikinsa a ƙarni na 13. Na Oranj a Faransa, mai bango tsawon mita 103 da tsayin mita 37, gidaje ne cike a cikinsa har ƙarni na 19. Na Sirakusa a Sisili kuwa, da ba mai kula da shi, an kwashe duwatsunsa a ƙarni na 16 aka gina ganuwar tsibirin Ortijiya da su.

Sai dai amfani yana da sharaɗi, kuma sharuɗɗan ne aka tattauna a tarurrukan da aka yi a Italiya: a Sejesta a 1995, a Berona a 1997, sannan a Sirakusa a 2004. A aikace abubuwa ne ƙanana masu gajiyarwa: mutum nawa kujerun za su ɗauka, nauyin dakalin wasa da fitilu, ta ina motocin kaya za su shiga, ƙarar lasifika, haramcin huda dutse ko da da ƙusa ɗaya. A 2009 hukumomin Girka sun hana shiga irin waɗannan wurare da takalmi mai tsini, kuma a dandalin Herodes Attikus na Atens ma'aikata sun sha kankare cingam daga kujerun mabul. A Sirakusa, inda ake wasannin gargajiyar Girkawa tun 1914, ana rufe kujerun da katako duk lokacin biki. Katakon yana kare dutse daga ƙafafu, amma baƙon da ya biya kuɗinsa da rana katako zai gani, kuma har yau ana muhawara a kan abin da ke faruwa a ƙarƙashinsa. Abin da na ɗauka shi ne a ɗauki hoto da awon kowane sashe kafin biki da bayansa, don gardamar ta tsaya a kan abin da aka gani da ido.

Kuɗi shi ne inda abin ke tsayawa. Babban gyara yana da ranar buɗewa da jawabai, don haka ana samun mai ɗaukar nauyinsa. Albashin mutum biyu da za su riƙa zagayawa duk mako ba ya jan hankalin kowa, kuma shi ake fara yankewa. Ina ganin wajibi ne wani kaso na kuɗin tikitin biki ya koma kai tsaye ga kula da wurin da aka yi bikin. A Girka, ƙungiyar Diazoma da tsohon minista Stavros Benos ya kafa a 2008 ta ɗauki wata hanya: ta buɗe wa dandalaye asusu ɗai-ɗai, mutanen gari da 'yan kasuwa da ɗaliban makaranta suna zuba abin da ya sawwaƙa, ana biyan kuɗin nazarin farko da shi, wanda sai da shi ake iya neman babban tallafi.