Guguwar da ake haifa a saman kanmu

Na yi shekaru ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare da ke Tudun Wada, kuma duk lokacin da muka zo babin guguwar teku, hadda kawai nake ɗora wa yara. In rubuta a allo cewa sai ɗumin ruwan teku ya kai digiri 26.5, in gudun iska ya kai kilomita 63 a awa a raɗa mata suna, in ya kai 119 ta zama mahaukaciyar guguwa. Su kwafa, su juye a jarrabawa, su manta.

A Satumbar 2017 muka koma makaranta ana ta labarin wata mahaukaciyar guguwa mai suna Irma a rediyo. Ina cikin bayani wata yarinya daga bencin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, don Allah ina ruwanmu da guguwar Amurka? Mu ko teku ba mu taɓa gani ba." Na ce mata zai fito a jarrabawa. Ta yi shiru, amma amsar ta tsaya mini a rai har dare, don na san ban ba ta komai ba.

Daren nan na zauna na bi sawun Irma da baya, kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Ranar 10 ga Satumba ta afka wa Fulorida. Ranar 6 ta daidaita tsibirin Barbuda, har sai da aka kwashe mutanensa kaf zuwa Antigwa. Ranar 30 ga Agusta aka sa mata suna, a yamma da tsibiran Kef Bade, waɗanda ke cikin teku daura da Senegal. Kafin nan fa? Wani kumburin iska ne mai ɗauke da hadari, da ya fita daga gaɓar Afirka ta Yamma kwana uku kafin sunan. Nan na ajiye waya na yi tagumi.

Ashe irin hadarin nan ne da kowace uwa a Kaduna ta sani, wanda yake tasowa daga gabas ya yi baƙi ƙirin, a ce yara su kwashe shanya. A damina, tsakanin zafin Sahara da sanyin damshin kudu, iska tana yin tozo-tozo tana gangarawa yamma, duk bayan kwana uku zuwa biyar wani ya wuce. Daga wajen tsaunukan Habasha da Sudan suke farawa, su ratsa Chadi, su ratsa mu, su zubar mana da ruwan masara da dawa, su fice ta Senegal. Kimanin 60 ake samu a shekara, yawancinsu su mutu salin-alin, ko dai ƙurar Sahara ta busar da su, ko iskar sama ta yage musu kai. Wanda ya dace da teku mai ɗumi shi ne yake shan tururi yana ƙiba, juyawar duniya ta murɗa shi, har ya zama guguwa ya buɗe ido, wato wani fili mai lafawar iska a tsakiya. Mafi yawan manyan guguwowin Atilantika haka aka haife su. In guguwar ta hau tudu ko ta shiga ruwan sanyi, abincinta ya yanke, sai ta fara sanyi.

Washegari ban taɓa alli ba. Na tambayi ajin daga ina hadari yake zuwa, suka haɗa baki suka ce gabas. Ina yake tafiya in ya wuce mu? Ba wanda ya taɓa tunanin abin, har ni kafin jiya.

Akwai kuma wani kuskure da na daɗe ina shukawa, wato auna guguwa da ƙarfin iskarta kaɗai. Guguwar Allison ta 2001 ba ta taɓa kai matsayin mahaukaciya ba, amma ta yi kwanaki tana kai-komo a kan jihar Tekzas ta Amurka, ta zubar da ruwan da ya kai mita guda a wajen Hustan, har saboda ɓarnarta aka jingine sunanta ba a sake ba wata ba. Da na faɗi haka, wani yaro da gidansu ke kusa da Kigo Road ya ce ai su ma iska ba ta taɓa korarsu ba, Kogin Kaduna ne yake shigo musu ɗaki cikin dare, sai dai a ɗora katifa a ka a nemi tudu. Bayanin da ya yi na yadda ruwa ke fara ɓullowa ta magudanar tsakar gida kafin ya zo ta ƙofa ya fi duk abin da na tanada, sai na bar masa sauran lokacin.

Yanzu da hoton tauraron ɗan'adam a wayata nake fara babin. Ranar da hadari ya haɗo muna aji, kwanon rufi ya fara ƙara har ba a jin magana, sai mu taru a bakin taga in nuna musu farin dunƙulen da ke kanmu, mu sa alama a taswira. Ranar Litinin, tun kafin in ajiye rajista, tambayar farko ita ce, "Malam, namu ya kai teku?"